Ramin Alli a Bayan Gidan Kakanku

Safiya da Nura, wannan babin naku ne ku biyu, kuma na san ba za ku ji daɗinsa ba. Tun kuna yara abu ɗaya kuka sani game da ni da kakanku na wajen uwa: wai na san akwai rami a ƙarƙashin gidan da ya saya a Abbey Wood, na yi gum da bakina don haushin rainin da yake yi mini, har ƙasa ta buɗe ta raba shi da gidan. Kawunku Dokta ne ya ɗora wannan labari, ya yi ta maimaita shi a wajen suna da wajen buɗa-baki har ya zauna daram. Ban taɓa musawa ba. Ke Safiya kin taɓa tambayata a mota, da Turancinki, ko gaskiya ne, na ce miki ki ɗaura bel. Yanzu na tsufa, gwiwa ta ƙi hawan bene, kuma na gaji da zama mugu a labarin da wani ya tsara. Rabin abin da aka gaya muku gaskiya ne, na san da ramin. Sauran rabin ne zan rubuta.

Ni ɗan Bukuru ne, a cikin ramukan kuza na tashi. Masu haƙa a wajenmu suna yin abin da ake kira loto: a haƙa rami kamar rijiya, in an kai ga kuzar a yi ta bin ta ta ƙarƙashin ƙasa. In ta ƙare sai a jera itace a bakin ramin, a zuba ƙasa, a tafi. Ciyawa ta fito, kowa ya manta, sai wata rana saniyar Bafulatani ta taka wurin a neme ta a rasa. Saboda haka kafin in iya karatu na iya kallon ƙasa. Na san wurin da ya ɗan lotsa a zagaye kamar faifai, na san ciyawar da ta fi ta kewayenta kore ba gaira ba dalili. Wannan idon ne ya kai ni jami'a na karanta ilimin duwatsu da ma'adinai, shi ne kuma ya ciyar da ku a London. Kamfanin da na yi wa aiki yana huda ƙasa kafin a yi gini, ya zaro ta a dogayen bututai, ni kuma in buɗe in rubuta abin da ke ciki taki bayan taki: nan yumɓu, nan yashi, nan tsakuwa. Aiki ne na ilimi, amma da takalmin roba ake yin sa, kuma da laka ake dawowa gida. A wajen dangin mahaifiyarku wannan leburanci ne mai digiri. Dokta, yayanta, bai taɓa kirana da sunana ba, Sarkin Haƙa yake ce mini, a yi dariya, ni ma in yi yaƙe.

Kakanku kuwa, har yau hannuna ba ya iya rubuta sunansa, Alhaji zan ce. Tsohon ma'aikacin gwamnati ne da aiki ya kawo shi nan, ya yi ritaya ya zauna, ya shekara aru-aru a gidan haya a Tottenham, hawa na uku, ba ko tsakar gidan da zai shimfiɗa tabarma. Tsakanina da shi surukuta ce irin ta gida, ba a rage mata komai ba don an haye teku. In na shiga sai in tuɓe takalmi tun a ƙofa, in durƙusa, in gaishe shi kaina a ƙasa. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa zama a kujera yana ɗakin ba. Duk abin da nake so ya ji, mahaifiyarku nake aikawa, shi ma ta bakinta amsarsa ke zuwa. Shekara goma sha bakwai muna haka. Kuma kada ku ɗauka tilasta mini aka yi, ina alfahari da abin. Yabo ɗaya tak na taɓa ji ya yi mini, a gaban baƙi ya ce surukinsa mai kunya ne. Na riƙe wannan kalma na yi ta juya ta a raina kamar an ba ni sarauta.

Sai ku san tudun Abbey Wood kansa, don in ba ku san shi ba ba za ku gane sauran ba. Tudun nan da kuke hawa da kekuna ba dutse ba ne irin namu na Filato da guduma ke tsalle a kansa. Ƙasa ce hawa-hawa da teku ya ajiye ya janye tun kafin a yi mutum a wurin. A sama akwai baƙar tsakuwa mulmulalliya, da yashi mai ɗauke da ƙumba da haƙoran manyan kifaye, irin waɗanda na taɓa kai ku daji kuka tono kuka cika gwangwani. Ƙarƙashinta wani yashi ne mai laushi, fari-fari, wanda ba ya riƙe kansa in ya sha ruwa. Can ƙasa kuma alli ne fari fat, da jerin baƙin dutsen ƙyastu a cikinsa. Mutanen da sun san da allin. Sukan haƙa rijiya su ratsa yashin, in sun kai gare shi su yi ta sassaƙa suna yin ɗakuna a ƙasa, su fito da shi su ƙona don gini ko su watsa a gona. Da suka gama suka toshe bakin da itace da shara, birni ya zo ya hau kai. Loto ne dai, na Turawa. Itacen ya ruɓe, ruwa ya dinga jan yashin yana zubawa a ɗakunan, kogon ya dinga hawowa sama a hankali, na kan ƙasa bai san komai ba.

A shekarar da nake ba ku labari, Alhaji ya ga gida a gefen tudun, ya ce shi ko ba kowa. Ranar Asabar aka kwashe mu duka aka je gani. Ƙaramin gida ne na jan bulo, amma yana da lambu a baya, kuma daga lambun ana hango kogi da jiragen ruwa in ruwan teku ya turo. Alhaji ya tsaya a tsakiyar ciyawar da sandarsa yana nuna inda zai sa yakuwa da inda zai sa tumatir. Ni ina can baya kamar kullum. Daga bayan ne na ga inda yake tsaye ya lotsa a zagaye, faɗin tabarma biyu, ciyawar wurin kore shar. Na ga shingen maƙwabci ya karkato wajen. Na ga sabon yaɓe a saman ƙofar kicin, an shafe tsaga. Duk da haka na ce wa kaina kada in yi gaggawa. Ran Litinin na duba tsofaffin taswirori a wajen aiki, na ga an taɓa haƙar alli a wannan gangaren. Ran Talata da azahar na koma da sandar ƙarfe mai tsayin mutum, ƙofar gefe a buɗe take don ba kowa a gidan. A bakin shinge sandar ta ƙi shiga sai da na hau ta da ƙarfi. A tsakiyar lotsawar kuwa da hannu ɗaya na tura ta, ta tafi har mariƙi.

Na dawo gida na sami mahaifiyarku, Allah ya jiƙanta, tana yanka albasa.

"Rabi, gidan nan kada Baba ya saya."

Ta ajiye wuƙar. "Saboda me, Malam? Yaya ya ce an yi survey, komai clear."

"Mai survey rufi ya duba da bango. Ni ƙasa na duba. Akwai tsohon ramin alli a bayan gidan, kuma ya fara cin yashin da ke kansa. Ban san rana ba, amma zai buɗe."

"To ka faɗa masa mana."

"Ni? In tsaya gaban Baba in ce zaɓinsa bai yi ba? Ke 'yarsa ce. Ki same shi shi kaɗai, ki faɗa masa yadda na faɗa miki, kada ki rage komai."

Ta ce to. Ban bi ta kan Dokta ba, don na san kafin la'asar maganar ta zama abin ba'a a waya. Bayan kwana uku na tambaye ta, ta ce ta faɗa. Na ce me ya ce? Ta ce ya ce ya ji. Ban ƙara tambaya ba. A tarbiyyar da na samu, in babba ya ce ya ji, an rufe magana ke nan, ba a bin sa a ce ya ka gani.

Aka sayi gida, aka yi walima. Ina durƙushe a bakin ƙofar falo, maza cike da ɗakin, sai Alhaji ya juyo wajena, abin da ba ya yi.

"Malam Iliya, an ce kai masanin ƙasa ne. Ka ga tamu?"

Dokta ya karɓe. "Sarkin Haƙa ya sa hannu ko sai mun kawo masa shebur?"

Ɗaki ya ɗauki dariya. Ni abin da na fahimta shi ne Alhaji yana nuna mini a gaban jama'a cewa saƙona ya iso, kuma ya yi watsi da shi. Na ce, "Na gani, Baba. Allah ya sanya alheri." Aka ce amin. Ba zan yi muku ƙarya ba, akwai haushi a raina a lokacin, na ce a zuci, to, na fita haƙƙinka. Wannan shi ne iyakar muguntata, kuma na biya ta.

Bazara biyu Alhaji ya yi a lambun nan, kuma ban taɓa ganin tsoho ya koma yaro kamarsa ba. Yakuwar ta ƙi, sanyi ya hana ta, amma alayyafo da tumatir da kabewa sun yi, har a leda yake aiko mana. Ban ruwa kuwa safe da yamma, irin na mutumin da ya tashi a inda ruwa ke wuya, ya ga famfo ba ya ɗaukewa. Sai ya jefa tiyo a tsakiyar lambun, daidai lotsawar don nan ruwa ke taruwa, ya bar shi yana kwarara ya shiga sallah. Ni na san abin da kowane bokiti ke yi a ƙasa. Na sake aika mahaifiyarku ta ce a rage ruwan, ta ce to. Da na ga ba a rage ba, sai na koma in mun je gaisuwa in zagaya baya in murɗe famfon a ɓoye, kamar ɓarawo. Ku duba fa: mutum mai digiri biyu a kan ƙasa, yana satar kashe famfo don kada ya buɗe baki a gaban surukinsa. In na tuna sai in ji kamar in mari kaina.

A hunturu na biyu aka yi makonni ana ruwa ba ƙaƙƙautawa. Ranar da rana ta ɗan leƙo, da hantsi, Alhaji ya sa kwat ya fitar da kujerarsa lambu. Kakarku ta kira shi ya karɓi waya, ya shiga. Ta ce ba wata ƙara mai yawa, kamar an juye buhun hatsi ne. Da suka leƙo babu kujera, babu lambu, sai baki buɗe zagaye, kusurwar kicin tana rataye a kansa. Kafin azahar ma'aikatan council, hukumar unguwar, sun zo sun kewaye wurin, sun ce ba mai sake kwana a gidan. Na bar aiki na je da takalmin robata. Injiniyan da suka turo na san shi, mun sha haɗuwa a wuraren gini. Muna tsaye a bakin ramin, ana hango farin alli can ƙasa, ya tambaye ni ko akwai alama kafin haka. Ni kuwa a kan ƙasa ban taɓa yi wa abokin aiki ƙarya ba, bakina ya riga tunanina. Na ce akwai, tun kafin a saya na tura ƙarfe ya nutse. Dokta yana bayana, ya ji komai.

Aka kwashe tsofaffin aka kai su flat ɗin Dokta a Barking, aka ba su ɗakin ajiye kaya, tagarsa tana kallon bangon wani gidan. Bayan kwana biyu Alhaji ya aiko a kira ni. Na shiga na durƙusa. Yana zaune a bakin gado, ya rame a kwana biyun nan har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Dokta na tsaye jikin taga.

"Malam Iliya, ɗago ka dube ni."

Na ɗago. Ranar na fara sanin idonsa na hagu yana da yana.

"An ce ka san da ramin nan tun kafin in saya."

"Na sani, Baba."

"Ka sani, ka zo walima ka ci, na tambaye ka a gaban mutane, ka ce Allah ya sanya alheri. Shekara biyu ina zama a kan kabarina, matata tana girki a bakinsa, jikokina, 'ya'yanka, suna guje-guje a kai. Ba wanda ya ce mini uffan. Me na yi maka?"

Na buɗe baki zan ce ai na aiko. Daidai nan mahaifiyarku ta turo ƙofa da tiren shayi. Ta ji abin da ya faɗa. Na dube ta, ta dube ni, ta sunkuyar da kai. A nan na gane saƙona bai taɓa fita daga kicin ɗinmu ba, na farko da na biyu duka. Ina da zaɓi biyu, kuma numfashi ɗaya aka ba ni in zaɓa. Ko in wanke kaina in bar tsohon nan da ya rasa gida ya rasa 'yarsa a rana guda, ko in ɗauka. Na mai da kaina ƙasa.

"Kunya ce ta hana ni, Baba."

Ya ce, "Ni na yabe ka da ita. Tashi ka je."

A hanyar tasha muna tafe ni da mahaifiyarku, da muka kai gindin gada ta tsaya.

"Sau uku na je, Malam. Duk zuwan da na yi sai in same shi ya baza ƙullin iri a kan gado yana nuna mini. Ban taɓa ganin Baba yana dariya haka ba. Na kasa."

"Kika ce mini ya ji."

"Na ɗauka ba zai faru ba." Ta share ido da gefen mayafi. "Yaya ya ce mai takarda ya duba. Na ce a raina ko tsoro ne irin naka na Bukuru."

Wannan ce ta fi ramin zurfi a wajena. Rainin Dokta na saba da shi, ba ya hana ni barci. Amma matar da ke wanke lakar kayan aikina shekara goma sha bakwai, ita ma ashe a ranta Sarkin Haƙa ne ni. Da likita ne ya ce mata akwai ciwo a jikin ubanta, da gudu za ta je ko yana tsakiyar dariya. Na yi tsammanin za ta koma ta faɗa wa mahaifinta gaskiya in ƙura ta lafa. Na jira mako, na jira wata. Ba ta koma ba, ni kuma ban ce ta koma ba, don ina so ta yi don kanta.

Alhaji bai sake taka ƙasa da sunan shuka ba. Ya shekara ɗaya da 'yan watanni a ɗakin nan. Ina zuwa gaisuwa duk Juma'a, in durƙusa, ya ce lafiya, ya juya ga rediyonsa. Da ya rasu muka kai shi maƙabarta. Na tuɓe takalmi zan shiga cikin masu karɓarsa a kabari, Dokta ya sa hannu ya tare ƙirjina a gaban jama'a.

"Kai ka gama naka aikin da ƙasa. Matsa."

Na matsa. Kai Nura kana wurin, shekararka goma sha biyu, kuma na ga yadda ka dube ni. Daga ranar ka daina bina daji tonon haƙoran kifi, ka ce ka girma. Da aka tambaye ka a makaranta aikin ubanka, ka ce gini yake yi.

Ban wanke kaina tas ba, kada ku ce na yi. Tsakanin inda nake durƙusawa da kujerar Alhaji taku uku ne. Na san abin da ke ƙarƙashin ƙafarsa, na fi son a ce ina da kunya da in tashi in yi takun nan. Laifina ke nan, kuma ya ishe ni kaya. Amma ban yi shiru don ƙeta ba, kuma ban bar ku kuna wasa a kan rami ina kallo don in rama raini ba. Duk ranar da muka je gidan, ni ne nake kiran ku ku dawo falo, kuna cewa na cika takura.

A ciwonta na ƙarshe, wata rana da yamma kun fita sayo mata abin sha, mahaifiyarku ta kama hannuna.

"Malam, maganar gidan Baba. Kada yara su sani ina da rai."

Na ce ba za su sani ba. Na ce, in kuma Allah ya yi nasa ikon fa? Ta juya fuska wajen bango. Ban sani ba ko izini ne, na dai ɗauke shi izini, kuma na ƙara mata shekara biyu a kai kafin in ɗauki alƙalami. Ku yi mata addu'a, uwa ce ta gari, tsoro ne ya kama ta sau ɗaya ta rasa hanyar fita. Na yafe mata gidan, na yafe mata saƙon, har tsoron Bukuru na yafe. Wanda ya tsaya mini a wuya shi ne na sauran shekarun, da muke zaune a teburi ɗaya kuna amsa mini magana a gutsure, ita tana zuba muku miya, tana ji, ba ta ɗago ba. Wannan kullum ina kai shi gaban Allah, kuma har yau bai sauka ba.